Yadda Ake Kiwon Hamsta a Gida: Shirin Keji, Abinci da Kula da Lafiyarsa

Hamsta ƙaramar dabba ce daga dangin ɓeraye, mai dunƙulen jiki, da laushin gashi, da ɗan guntun jela wanda da ƙyar ake ganinsa. Abin da ya fi bambanta shi da ɓeran gida shi ne jakunkuna biyu da ke cikin kumatunsa, waɗanda suka miƙe har zuwa kafaɗunsa, inda yake cusa hatsi ya kai ramin ajiyarsa, kamar dai yadda gafiya take yi. Wanda aka fi kiwo a duniya shi ne ɗan Siriya mai launin ruwan zinare, wanda asalinsa yana zaune ne a gonakin arewacin Siriya da kudancin Turkiyya. A shekarar 1930 wani masanin dabbobi na Jami'ar Hebrew da ke Birnin Ƙudus, Israel Aharoni, ya tono uwa da 'ya'yanta daga rami a kusa da birnin Halab, kuma daga 'yan ƙalilan ɗin da suka rayu cikinsu ne mafi yawan waɗanda ake kiwo a gidaje yau suka samo asali. Wannan tarihi yana da amfani ga mai kiwo, domin dabbar da ta shigo hannun mutane ƙasa da shekara ɗari da suka wuce ba ta bar ɗabi'unta na daji ba: har yanzu tana son rami mai zurfi, tana yawo da dare, tana ɓoye abinci, kuma ba ta son abokin zama.

Mataki na farko: ka tabbata gidanka ya dace da shi

Kafin a je kasuwa akwai abubuwan da ya kamata mutum ya auna. Hamsta yana barci da rana ne, sai bayan magariba yake tashi, kuma yakan kwana yana gudu da tono har asuba, saboda haka yaron da ke son abin wasa da rana ba zai same shi a farke ba, kuma idan ya tashe shi da ƙarfi, cizo zai sha. Rayuwarsa gajera ce, shekara 2 zuwa 3 galibi, abin da ya kamata a faɗa wa yara tun da wuri. Mace mai juna biyu da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni bai kamata su riƙa taɓa shi ko share kejinsa ba, saboda yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta da ke kama mutane. Wanda ke zaune a ƙasar waje kuma ya binciki doka, domin a Ostareliya da New Zealand an hana kiwonsa ɗungurungum.

Babbar tambaya ga wanda ke zaune a ƙasa mai zafi ita ce inda za a ajiye shi. Hamsta ya fi sakewa a yanayin da ke tsakanin digiri 18 zuwa 24, kuma idan zafi ya doshi digiri 30 yana cikin haɗari, alhali a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai zafin watan Afrilu kan kai digiri 40 ko ya wuce. A daji yana tserewa zafi ne ta hanyar shigewa ramin da zurfinsa kan kai mita ɗaya. A cikin keji ba shi da wannan mafita sai wadda ka yi masa. A ganina, wanda ba shi da ɗaki mai sanyi wanda rana ba ta dukansa, kuma ba shi da dabarar sanyaya shi idan an ɗauke wuta, gara ya haƙura da wannan kiwo tun kafin ya kashe kuɗinsa.

Mataki na biyu: zaɓen nau'i

Ɗan Siriya shi ne mafi girma, tsawonsa kan kai santimita 13 zuwa 18, kuma shi ne ya fi sauƙin sabawa da hannu, don haka shi ya fi dacewa da sabon shiga. Akwai ƙananan nau'o'i irin su Campbell, da ɗan Siberiya wanda gashinsa kan yi fari a lokacin sanyi, da ɗan China, da Roborovski wanda shi ne mafi ƙanƙanta, asalinsa daga hamadar Mongoliya da arewacin China, kuma saurinsa ya sa kallonsa ya fi riƙe shi daɗi. Campbell da ɗan China suna saurin kamuwa da ciwon suga, don haka ba a ba su kayan zaƙi.

Ko wanne ka zaɓa, guda ɗaya za ka saya. Mai sayarwa zai iya ce maka ka haɗa mace da namiji don kada kaɗaici ya dame su, amma ɗan Siriya, da zarar ya kai sati 6 zuwa 8, ba ya yarda da kowa a yankinsa, kuma biyu a keji ɗaya sukan yi faɗa har ɗaya ya kashe ɗaya, yawanci cikin dare lokacin da babu mai rabawa. Ƙananan ma da ake cewa suna zama tare sukan juya wa juna baya ba zato ba tsammani.

Mataki na uku: shirya keji kafin dabbar ta iso

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancin masu kiwo suke kuskure. Ƙananan kejin roba masu launi-launi da bututu da ake sayarwa da sunan gidan hamsta ba su isa ba. Dabbar da ke iya gudun kilomita da dama a dare ɗaya ba za ta zauna lafiya a wurin da bai wuce taku biyu ba. Ma'aunin da masu kula da walwalar dabbobi suka fi ba da shawara a kai shi ne kada daɓen kejin ya gaza santimita 100 a tsawo da 50 a faɗi, kuma tsayinsa ya kai kamar 50, a shimfiɗe guda ɗaya, ba hawa-hawa ba. Alamar cewa keji ya yi wa hamsta kaɗan ita ce ka gan shi yana ta gwaguyar waya ba ƙaƙƙautawa, ko yana hawa rufi yana faɗowa.

Ba dole ba ne sai an sayo na waje. Kafinta zai iya haɗa maka akwatin katako mai wannan girma, gabansa gilashi, a shimfiɗa tayil a ƙasa don kada fitsari ya jiƙe katakon, sannan a yi masa murfin ragar waya mai sakata. Haka nan babban akwatin roba na ajiyar kaya yana aiki, idan aka yanke tsakiyar murfinsa aka ɗaure raga a wurin, aka kuma buɗe wata tagar raga a gefe ta sama don iska ta riƙa ratsawa, wanda a yanayin zafi ba abin wasa ba ne. Idon ragar kada ya kai santimita 1 ga ɗan Siriya, ga ƙananan kuma kamar rabin haka, domin duk inda kan hamsta ya shiga, jikinsa zai bi. Ka shafa hannu a kowane lungu na cikin akwatin: duk wani baki da ya fito wanda haƙori zai iya kamawa, nan zai fara huda hanyar fita.

Sai shimfiɗa. A zuba ta da zurfin santimita 20 zuwa 25 aƙalla, ko da a gefe ɗaya na kejin ne, a danne ta da tafin hannu sosai don ramin da zai haƙa ya tsaya bai rushe ba. Mafi aminci ita ce shimfiɗar takarda da ake sayarwa don ƙananan dabbobi, ko farin tishu marar ƙamshi da aka yayyaga, a riƙa sa busasshiyar ciyawa mai laushi tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa don ta riƙe ramin. Garin katako na shagon kafinta, duk da arharsa, ban ba da shawararsa ba, saboda ƙurarsa tana cutar da numfashin dabbar, kuma sau da yawa yana haɗe da na falankin da aka shafa wa gam ko maganin gara. Jarida tana da tawada. Auduga kuwa, wadda mutane ke sa masa don tausayi, ita ce mafi haɗari, domin zarenta kan naɗe masa ƙafa har jini ya daina gudana, kuma idan ya haɗiye ta takan toshe masa hanji.

A cikin kejin ana buƙatar wilin gudu, wato taya mai juyawa da yake shiga ciki ya yi ta gudu. Faɗinta ya kai santimita 28 ga ɗan Siriya, 20 ga ƙananan, kuma inda yake takawa ya zama a rufe, ba sanduna ko raga ba, don kada ƙafarsa ta maƙale ta karye. Ka tsaya ka dube shi yana gudu: idan bayansa ya lanƙwashe, kansa ya ɗaga sama, wilin ya yi masa kaɗan. A sa masa maɓoya biyu ko uku, kamar ƙaramin akwatin katako marar ƙasa, da kwalin tishu, da ƙaramar tukunyar ƙasa da aka kwantar a gefenta. Duk abu mai nauyi a ɗora shi a kan daɓen kejin ko a kan 'yan ƙafafu, ba a kan shimfiɗa ba, don kada ya haƙa ƙarƙashinsa ya danne shi.

Abu na ƙarshe shi ne kwanon rairayi, wanda shi ne wurin wankansa. A tankaɗe rairayi mai tsabta, a wanke shi har ruwan ya fito garau, a shanya, a soya shi a kasko don kashe ƙwari da ƙwayayensu, a bari ya huce sarai kafin a zuba. Hamsta zai yi birgima a ciki ya goge maiƙon gashinsa, kuma da yawansu sukan mayar da kusurwar kwanon wurin fitsari, abin da ke sauƙaƙa shara. Ba a yi masa wanka da ruwa, domin sanyi yana saurin kama shi.

Mataki na huɗu: inda za a ajiye kejin

A ajiye shi a ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da taga da bangon da rana ke duka, nesa da kicin, talabijin da janareta, kuma a kan tebur mai ƙarfi inda kyanwa ba za ta zauna tana leƙensa ba. Idan cinnaka ko kiyashi suna damun gidan, a sa ƙafafun teburin a cikin gwangwanayen ruwa. Hancin hamsta da huhunsa ba sa jure hayaƙi, don haka ba a kunna turaren wuta ko maganin sauro a ɗakin da yake, kuma idan za a yi feshin fiya-fiya ko wani maganin ƙwari, a fitar da kejin gaba ɗaya, kada a dawo da shi sai warin ya tafi.

Da bazara, ka rataye ma'aunin zafi a jikin kejin ka riƙa dubawa da azahar. Tukunyar ƙasar nan da falle ɗaya na tayil suna ba shi wuri mai sanyi da zai kwanta. Idan zafi ya tsananta, a daskarar da ruwa a gora, a naɗe ta da tsumma, a jingina ta a jikin kejin ta waje ko a ɗora a kan raga, a riƙa canzawa idan ta narke. Fanka tana taimakawa wajen juya iskar ɗakin, amma ba a saita ta kai tsaye a kansa. Idan ka tarar da shi a miƙe a waje da maɓoyarsa, yana haki, jikinsa ya saki, bakinsa ya jiƙe, zafi ne ya buge shi: ka kai shi wuri mai sanyi nan take, ka ɗora shi a kan tsumma mai ɗan danshi, ka ɗiga masa ruwa a gefen baki idan yana iya haɗiya, sannan ka nufi likitan dabbobi. Kada a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara.

Sanyi ma yana da nasa. A wuraren da daren hunturu ke yin tsanani, hamsta kan shiga wani dogon barci wanda jikinsa ke yin sanyi, numfashinsa ya ragu har ya yi kama da matacce. Kafin a yanke hukunci, a zuba masa ido na wasu mintuna ko za a ga ƙirjinsa ya motsa, a shafa gashin bakinsa a ga ko zai girgiza, sannan a ɗumama shi sannu a hankali a tafin hannu ko a ɗaki mai ɗumi.

Mataki na biyar: saye da ɗaukowa

Ka je da yamma, lokacin da suka fara tashi. Lafiyayye idanunsa a buɗe suke suna ƙyalli, hancinsa a bushe, gashinsa a kwance, ƙarƙashin jelarsa tsaf babu danshi, kuma yana tafiya ba ɗingishi. Haƙoran gabansa rawaya ne, kuma haka halittarsu take. Idan ɗaya a kejin mai sayarwa yana zawo, ka bar dukkansu. Kada shekarunsa su gaza sati 4 zuwa 5, kuma idan mace ce da aka ajiye tare da maza, ka sa a ranka cewa wataƙila tana da ciki. Ana gane namiji da tazarar da ke tsakanin al'aurarsa da duburarsa, wadda ta fi ta mace tsawo. A ɗauko shi a ƙaramin akwati mai huji, da ɗan shimfiɗarsa ta dā da yankan kokwamba maimakon ruwa, kuma kada a bar shi a cikin mota a rana ko na minti biyar.

Mataki na shida: abinci da ruwa

Hamsta ba hatsi kaɗai yake ci ba. A daji yana haɗawa da ƙwari da ganye. Idan ana samun haɗaɗɗen abincinsa na kanti, shi ne ginshiƙi, kamar cokalin cin abinci ɗaya a rana ga ɗan Siriya, ƙananan kuma kamar rabin haka. Idan ba a samu, ana haɗa gero, dawa, alkama, acca da ɗan ɓarzajjen masara, a ƙara 'ya'yan kabewa da riɗi kaɗan, sannan a cike giɓin da ɗan yankan dafaffen ƙwai ko dafaffiyar kaza marar gishiri sau biyu ko uku a sati. A tabbata hatsin ba wanda aka zuba wa maganin ƙwari a buhu ba ne, domin abin da jikin mutum zai jure yana iya kashe dabbar da nauyinta bai kai gram 200 ba. Gyaɗa ɗaya ko biyu a sati ta isa, ɗanya marar gishiri, kuma duk wadda ta yi fumfuna a zubar. Kayan lambu kuwa, kamar kokwamba, karas da latas, yanka ɗaya daidai girman farcen babban yatsa ya wadatar, a fara da kaɗan don kada ya yi zawo.

Ba a ba shi albasa, tafarnuwa, barkono, lemo da lemon tsami, ɗanyen wake, ɗanyen dankalin Turawa, cakulan, alawa, ko ragowar abincin gida mai gishiri da mai. Abu mai danƙo kan manne a jakar kumatunsa ya ruɓe a can.

Ya fi kyau a watsa hatsin a kan shimfiɗa da yamma maimakon a zuba a kwano, don ya yi ta nema da hanci. Za ka ga ya cika kumatu har kansa ya ninka girma, ya nutse cikin rami, ya dawo fayau. Ba cinyewa ya yi ba, ajiya ya kai, don haka ganin babu abinci a sama ba dalilin ƙari ba ne. Ruwa kuma a canza shi kullum, a kwalba mai bakin ƙarfe ko ƙaramin kwano mai nauyi, kuma a riƙa taɓa bakin kwalbar da yatsa don tabbatar da cewa ruwa na fita. Tun da haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, a ajiye masa kwali da ɗan itace mai tsabta wanda ba a yi wa fenti ko feshi ba. Buhun abincinsa a zuba shi a mazubi mai murfi, don kada ya jawo ɓerayen gida waɗanda wasunsu ke yaɗa zazzaɓin Lassa.

Mataki na bakwai: sabo da hannu

A kwanaki 3 zuwa 7 na farko a ƙyale shi, abinci da ruwa kawai. Idanunsa ba su gani da nisa, da hanci da kunne yake gane duniya, saboda haka ka riƙa yi masa magana a hankali idan ka zo, kuma ka wanke hannu da sabulu marar ƙamshi, domin yatsan da ke ƙamshin ƙuli-ƙuli abinci ne a wurinsa. Ka fara da miƙa masa ƙwayar kabewa da yatsu. Idan ya saba karɓa, ka ɗora ta a tsakiyar tafin hannunka ka shimfiɗa hannun a kan shimfiɗa ba motsi. Zai sunsuna, ya ja da baya, ya ɗora ƙafa ɗaya, ya ɗauka ya gudu, har ranar da zai hau ya zauna ya ci a nan. Sai a lokacin za ka ɗaga shi da hannu biyu a haɗe, kana zaune a ƙasa, domin ba ya gane tsayi kuma faɗuwa daga tsayin mutum na iya karya shi. Kada ka kamo shi ta sama, domin haka tsuntsayen da ke farautarsa suke zuwa, kuma idan ya kwanta rigingine ya buɗe baki yana ƙara, tsoro ne ya kama shi, ka janye. Wani yakan saba cikin sati biyu, wani sai ya yi wata biyu, wani kuma har abada kallo kawai zai yarda da shi.

Idan ya tsere, a rufe ƙofofi, a fitar da kyanwa, a ajiye ƙirgaggun ƙwayoyin hatsi a kowane ɗaki don a gane inda yake. A can sai a ajiye bokiti mai tsumma da abinci a ciki, a jera masa littattafai kamar matakala har bakinsa. Yakan hau cikin dare ya faɗa ciki ya kasa fita.

Mataki na takwas: shara

Kullum a kwashe shimfiɗar da fitsari ya jiƙa, a tankaɗe rairayi, a duba ma'ajiyarsa a cire ɗanyen kayan lambu kafin ya ruɓe, amma a bar masa busasshen hatsinsa. Babbar shara sai bayan sati 4 zuwa 6, kuma ko a nan a mayar da kamar kashi ɗaya cikin uku na tsohuwar shimfiɗa mai tsabta, domin keji da aka wanke ƙal ya rasa warinsa yana firgita shi. A wanke hannu bayan kowace shara.

Mataki na tara: rashin lafiya da haihuwar ba-zata

Hamsta yana ɓoye ciwo, don haka ka nemi likitan dabbobin da ya san ƙananan dabbobi tun yana lafiya. Cutar da ta fi kisa ita ce zawo mai tsanani da ke kama ƙanana 'yan sati 3 zuwa 8, musamman bayan wahalar sauyin wuri: ƙarƙashin jela ya jiƙe yana wari, ya takure, ya daina ci, kuma yana iya mutuwa cikin kwana 2 ko 3. Wannan ba ya jiran gobe. Kada kuma a je kemis a sayo masa magani da ka, domin penicillin, amoxicillin, ampicillin da erythromycin suna kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, kuma sau da yawa su ne ajalinsa. Atishawa, ido a manne, kumatu da ya kumbura bai saɓe ba, haƙori da ya yi tsawo har ya hana ci, ko yawan shan ruwa da fitsari, duk na likita ne. Baƙaƙen tabo biyu a kwiɓin ɗan Siriya kuwa ba ciwo ba ne, da su yake shafa warinsa a kaya. Mai mura ya nisance shi, domin yana ɗaukar wasu cututtukan numfashi daga mutane. A watan Janairun 2022 hukumomin Hong Kong sun ba da umarnin kashe kimanin hamsta 2,000 bayan an sami cutar korona a wani shagon sayar da su.

Cikin 'yar Siriya kwana 16 ne kacal, don haka wanda ya sayo mace yana iya wayar gari ya ji kukan jarirai a rami. Idan haka ta faru, kada a taɓa su, kada a yi shara, kada a tono ramin don leƙe har sati 2, lokacin da idanunsu ke buɗewa, domin uwar da aka tayar wa hankali takan cinye 'ya'yanta. A cire wilin gudu, a ƙara mata ƙwai da ruwa, a sauke bakin kwalbar yadda ƙananan za su kai idan sun fara fitowa. Idan sun cika sati 4 a raba su da uwar, maza daban mata daban, domin daga nan suna iya ɗaukar ciki, kuma kafin su kai sati 8 kowane ɗaya yana buƙatar kejinsa, don haka tun ranar haihuwa ya kamata a fara neman waɗanda za su karɓe su.